Injin agaji na lantarki a jirgin shawagi: Yadda yake aiki da abin da ya haɗa shi da arewacin Zamfara

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai da tsakar rana a Zurmi ko Shinkafi ya ga shirwa tana kewaya sararin sama ba tare da ta kaɗa fiffike ba, to ya ga asalin dabarar jirgin shawagi. Rana ce ke gasa ƙasa, iskar da ke kanta ta yi zafi ta tashi sama, tsuntsuwar ta shiga cikinta ta ɗauke ta. Haka wannan jirgi yake. Ba shi da inji, sai dogayen fikafikai da kan kai mita 15 zuwa 18. Wani jirgin ne ke jan sa sama, ko kuma a fizge shi da igiya daga ƙasa, daga nan matuƙi ya shiga farautar iska mai tashi.

Jirgin shawagi na zamani, idan ya kai tsayin kilomita 1, yana iya tafiyar kusan kilomita 50 kafin ya taɓa ƙasa, wato kwatankwacin nisan Gusau zuwa Ƙaura Namoda idan aka miƙe. Jamus ce cibiyar wannan fasaha, kuma siyasa ce ta haife ta: bayan Yarjejeniyar Basai ta 1919 ta taƙaita wa Jamusawa ƙera jirage masu inji, sai matasansu suka koma kan tsaunin Wasserkuppe, inda aka fara gasar shawagi a 1920.

Matsalar da injin ya zo warwarewa

Iska ba ta da alƙawari. Idan hadari ya rufe rana ko yamma ta yi, iska mai tashi takan ɗauke, matuƙi kuma ya rasa zaɓi sai sauka a gonar da ya gani. Don haka aka ƙirƙiro ƙaramin injin agaji. Ba aikinsa ba ne ya ɗaga jirgi daga ƙasa, aikinsa ya riƙe shi a sama har ya isa gida.

Na farko-farko masu amfani da fetur ne, ana ɓoye su a bayan matuƙi, a ɗago su a kan sanda idan buƙata ta taso. Haɗarin a nan yake. Sandar na fitowa take tare iska, jirgi ya ƙara saurin yin ƙasa, kuma idan injin ya ƙi tashi, matuƙi ya shiga halin da ya fi na da muni, ga shi kusa da ƙasa, ga lokaci ya ƙure.

Wannan ne kamfanin LZ Design na ƙasar Sulobeniya ya magance da tsarin da ake kira FES, wanda aka fara gwadawa a 2009 a jikin jirgi samfurin LAK-17 ƙirar Lituweniya. An sa injin lantarki mai ƙarfin kimanin kilowat 22 a hancin jirgin. Farfelarsa, mai faɗin mita 1, takan kwanta a jikin hancin idan ba a aiki da ita. Matuƙi na murɗa maɓalli sai juyawar ta buɗe ta nan take. Babu sanda, babu jiran inji ya kama. Batura biyu ne a bayan kujera, kowanne kimanin kilo 15, suna ba da tafiyar kusan awa 1, abin da bai wuce kilomita 100 ba. Kamfanoni irin su Schempp-Hirth na Jamus da HPH na ƙasar Cek sun karɓi tsarin.

Batir shi ne iyaka

Duk wutar da baturan nan biyu ke ɗauka kimanin kilowat-awa 4 ce, wadda ba ta kai ƙarfin da ke cikin rabin litar fetur ba. Abin da ya sa take isa shi ne injin lantarki ba ya ɓarnar ƙarfi kamar na fetur, kuma jikin jirgin shawagi ba ya ja-in-ja da iska. Wannan lissafi ne ya sa lantarki ya fara samun gindin zama a ƙananan jirage, manyan na fasinja kuwa har yanzu sai mai.

Akwai kuma batun gobara. A watan Agustan 2017 batirin wani jirgi mai FES ya kama da wuta yayin sauka a filin Parham da ke Ingila. Matuƙin ya tsira, amma hukumar kiyaye lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai ta ba da umarnin gaggawa da ya dakatar da amfani da baturan a wasu samfura har sai da aka yi gyara.

Inda ya shafi Zamfara

Shawagi wasa ne na masu hali, kuma ba sananne ba ne a Najeriya. Amma haɗin fiffike mara nauyi da batir da ƙaramin injin lantarki ya riga ya iso Arewa ta wata ƙofa. Kamfanin Zipline, wanda ya fara kai jini asibitoci a Ruwanda a 2016, ya soma aiki a Jihar Kaduna a 2022. Jiragensa marasa matuƙi ne. Ana harba su daga wata na'ura mai kama da gwafa, su ɗauki kayan da bai kai kilo 2 ba, su je nisan kusan kilomita 80, su saki kayan da ƙaramar lema, su juyo.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan taswira, Shinkafi da Zurmi duka suna cikin da'irar kilomita 80 daga Ƙaura Namoda. Waɗannan kuwa hanyoyi ne da 'yan bindiga suka daɗe suna tarewa, inda ledar jini ko maganin sarar maciji kan makara saboda direba na tsoron fita. Jirgin ba zai ɗauki mai naƙuda ba, ba kuma zai maye gurbin tsaron hanya ba, kuma ɗan siyasar da ya tallata shi a matsayin haka ya yaudari jama'a. Abin da zai iya shi ne kai ƙaramin kaya mai ceton rai cikin ƙasa da awa 1.

Cikas ɗin ba na injiniya kaɗai ba ne. Zafin watan Afrilu, wanda kan haura digiri 40, yana rage wa batirin litiyam kwana, cajinsa kuma na buƙatar wuta tsayayya. Sannan ga doka. Tashin jirgi mara matuƙi a Najeriya sai da izinin hukumar NCAA da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. A watan Maris na 2021, kwanaki kaɗan bayan sace ɗaliban Jangebe, gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shawagin jirage a sararin samaniyar Zamfara baki ɗaya. A watan Satumbar shekarar kuma aka katse layukan sadarwa a jihar, alhali ta waya ne ma'aikacin asibiti ke aika buƙatar jinin da jirgin zai kawo.