Ƙasar Daddara da Gulbin Gada a Cikin Tarihin Nahiyar Afirka

Gabatarwa

Duk wanda ya taso daga Katsina ya nufi Jibiya, kafin ya isa iyakar Magama zai ratsa ta Daddara. Abin da ido ke gani a hanya shi ne shimfiɗaɗɗiyar jigawa, da gonakin gero da dawa, da kwazazzabai nan da can. Mun saba fara tarihin wannan yanki daga sarakuna da yaƙe-yaƙe, alhali kuwa ita kanta ƙasar da aka yi su a kanta tana da nata tarihin, kuma shi ne ya tsara inda mutane suka zauna da inda suka sami ruwa. Wannan maƙala za ta bi wannan tarihi daki-daki, tun daga dutsen da ke can ƙarƙashi har zuwa rairayin da ke sama.

Tsohon Dutse

Afirka ita ce nahiya ta biyu a girma bayan Asiya, faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 30, kuma galibinta tudu ne shimfiɗaɗɗe da ke zaune a kan tsofaffin duwatsu. Masana kimiyyar ƙasa sun nuna cewa an harhaɗa ta ne daga wasu manyan ɓangarori masu tauri, irin su na Yammacin Afirka da na Kwango da na Kalahari. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce ɓangaren Yammacin Afirka ya yi karo da na gabas da shi, dutse ya narke ya sake daskarewa, manyan tsaunuka suka tashi a inda ƙasar Hausa take a yau. Ruwa da iska suka yi ta cin su har suka baje. Saiwoyinsu ne muke gani yanzu a Kwatarkwashi da Dutsin-ma da Kufena ta Zariya. Tsakiya da kudancin Jihar Katsina a kan wannan dutse suke zaune, shi ya sa haƙa rijiya a can sai an dace da tsaga ko wurin da dutsen ya ruɓe.

A wancan zamani Afirka tana manne da Amurka ta Kudu da Indiya da Ostireliya, cikin dunƙulalliyar ƙasa da ake kira Gondwana. Bajamushe Alfred Wegener ya kawo wannan ra'ayi a 1912, ba a kuma karɓe shi sosai ba sai a shekarun 1960. Rabuwarta da Amurka ta Kudu, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, ita ta buɗe Tekun Atilantika ta kuma tsaga kwarin Binuwai.

Gefen Kwarin Sakkwato

Muhimmancin yankin Jibiya shi ne yana kan gaɓa. Daga nan zuwa arewa da yamma tsohon dutsen yana nutsewa ƙarƙashin wani babban kwari da ake kira Iullemmeden, da sunan wata ƙabilar Buzaye, wanda ya haɗa Sakkwato da Tawa har zuwa Mali. Tsakuwa da yashi da laka da tsofaffin koguna suka kwaso daga tudu suka jibge a gefensa su ne masana ke kira shimfiɗar Gundumi, kuma ta shigo har arewacin Katsina. Daga baya teku ya malalo ta cikin Sahara ya cika tsakiyar kwarin. Shaidarsa ita ce farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato, da kuma ƙasusuwan wata babbar dabbar teku da aka tono a wajen Goronyo, har aka raɗa mata suna Goronyosaurus.

Rairayi da Gulbi

Shimfiɗa ta sama ita ce mafi ƙuruciya. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce an yi matsanancin fari, Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, iska ta jibge tuddan rairayi a arewacin ƙasar Hausa. Wani Bature mai suna A. T. Grove ya yi bayanin waɗannan tuddai a 1958. Bayan haka damina ta dawo da ƙarfi, ciyawa ta kama rairayin ta tsayar da shi, Tafkin Cadi ya batse. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987, mai kimanin shekara 8,000, na wannan zamani ne. Wannan rairayi shi ne jigawar da manomin Daddara ke nomawa: tana da sauƙin huɗa, gero da gyaɗa na son ta, amma da an sare itatuwa sai iska da ruwa su kwashe ta.

Gulbin Gada ya taso daga tudun Katsina ya ratsa Jibiya ya shiga Nijar, inda ake kiransa Gulbin Maraɗi. Ya wuce Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, sannan ya karkato ya dawo Nijeriya ya faɗa Gulbin Rima. 'Yan watanni kawai yake gudu a shekara, amma fadamarsa na riƙe da ruwa har cikin rani.

Yadda Ƙasa ta Juya Tarihi

Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, Katsinawan da suka fita sun kafa Maraɗi a wajejen 1819 a cikin wannan kwari mai ruwa da duhuwar itatuwa, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri kusa da su. Haka kuma, ruwa ne ya sa Faransa ta matsa wa Ingila a sake zana iyaka, domin layin 1898 ya bar ta da hanyar zuwa Damagaram wadda ba ta da rijiyoyi. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka tura iyakar kudu, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, gulbi ɗaya ya zama na ƙasa biyu.

Gulbin yana kuma da haɗari. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka tayar da Maraɗi daga kwari zuwa tudu, ta Jibiya kuwa a watan Yulin 2018 ta ci rayukan mutum fiye da 40. Madatsar ruwan Jibiya, mai ɗaukar kimanin mita miliyan 142 ta ma'aunin kubik, a kan rairayi aka gina ta, don haka sai da aka shimfiɗa mata wata irin leda mai hana yoyo. Tunda duk abin da aka tare a Jibiya yana shafar mai lambu a Madarumfa, Nijeriya da Nijar suka sa hannu a kan yarjejeniyar rabon ruwa a Maiduguri a 1990, Gulbin Gada na cikin kogunan da ta ƙunsa.

Kammalawa

Malamin makaranta ba ya buƙatar nisa kafin ya koyar da wannan darasi. Ya kai ɗalibai bakin kwazazzabo ko wurin da ake haƙa sabuwar rijiya, su ga rairayi a sama, da marmara ko tsakuwa a ƙarƙashinsa, kowace shimfiɗa da zamaninta. Dattawa kuma su taimaka da abin da suka sani: inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarun ambaliya, da rijiyoyin da suka ƙafe, da dazuzzukan da suka zama gonaki. Ya kamata a rubuta waɗannan bayanai tun masu su na raye, domin da su ne za a san inda ya dace a yi gini da inda ya kamata a bar wa gulbi hanyarsa.