Daga Maigatari zuwa Milan: Yadda Yunƙurin Soke Hukuncin Kisa Ya Iske Ƙasar Hausa

Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tana jingine ne da Jamhuriyar Nijar. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906 ce ta tsaga iyakar a takarda, sannan ayarin Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi daji suna kafa alamu har zuwa 1908. Mutanen da ke haɗuwa a kasuwar dabbobi ta Maigatari kowace Alhamis, na Gumel da na Dungas da Magariya, harshensu ɗaya ne, mazhabarsu ɗaya, auratayya kuma ba ta taɓa yankewa ba. Amma makomar wanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa ta bambanta. A Nijar, rabon da gwamnati ta zartar da shi tun 1976, lokacin da aka harbe jagororin yunƙurin kifar da Seyni Kountché. A Najeriya kuwa an rataye mutum uku a gidan yarin Benin a watan Disamba na 2016, kuma fiye da mutum 3,000 ne ke kwance a kurkuku suna jiran hauni.

Akan fara tarihin yunƙurin soke wannan hukunci ne daga birnin Milan na Italiya, inda Cesare Beccaria ya rubuta ɗan ƙaramin littafinsa a kan laifi da horo, wanda aka buga a 1764. Hujjarsa ita ce, tabbacin za a kama mai laifi ya fi tsananin horo hana ɓarna. Daular Tuskani ta soke hukuncin a 1786, Benezuwela a 1863. Ingila ta daina rataye masu kisan kai a 1965, Faransa ta soke hukuncin gaba ɗaya a 1981. A ranar 18 ga Disamba 2007 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi a dakatar da zartar da shi da ƙuri'a 104, ƙasashe 54 suka ƙi, ciki har da Najeriya. A Afirka, kotun tsarin mulki ta Afirka ta Kudu ta haramta shi a 1995, Senegal ta bi a 2004, Togo a 2009, Chadi a 2020, Saliyo a 2021.

Wannan lissafi yana sa mai karatu ya ɗauka cewa sassauci daga Turai yake gangarowa, tsanani kuma na gida ne. Tarihin Arewa bai goyi bayan haka ba.

A fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar nan suka yi aiki da shi, kisan ganganci hukuncinsa ƙisasi ne, amma haƙƙin yana hannun waliyyan mamaci. In sun so su nemi jini, in sun so su karɓi diyya, wadda asalinta raƙumi ɗari ne ko dinari dubu, in sun so su yafe don Allah. Idan suka yafe, abin da ya rage wa hukuma shi ne bulala ɗari da ɗaurin shekara guda. Akwai togiya: wanda ya yaudari mutum ya kashe shi a ɓoye, ba mai ikon yafe masa. Sunan wannan laifi a littattafan fiƙihu shi ne ya zauna a bakin Hausawa har yau, wato kisan gilla.

Turawan mulkin mallaka sun hana yanke hannu da jefewa, suka bar wa manyan kotunan sarakuna ikon yanke hukuncin kisa, bisa sharaɗin sai Gwamna ya tabbatar. Rikici ya ɓullo a 1947 da shari'ar Tsofo Gubba, wanda kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa kisa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin, domin a dokar Turawa wanda aka tunzura har ya yi kisa ba a kashe shi. A nan dokar baƙi ce ta fi sauƙi. Ta ɗaya gefen kuma ita ce ta fi tsanani, tunda ba ta san yafiyar dangi ba. Bayan shawarar kwamitin masana na 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan Muhammad Abu Rannat, aka kafa dokar Final Kod a 1960. Daga nan kisan kai ya zama laifi ga hukuma, hukuncinsa rataya dole, ra'ayin waliyyai kuma ya koma abin da ake rubutawa don a duba wajen yin afuwa. Ingila ta bar wa Arewa igiyar da ita kanta ta ajiye bayan shekara biyar. Sojoji suka ƙara nasu a 1970, suka tanadi harbi ga 'yan fashi da makami.

Haɗuwar gaske tsakanin yunƙurin duniya da ƙasar Hausa ta zo ne bayan dawo da shari'ar Musulunci a ɓangaren laifuka, wadda Zamfara ta fara, Jigawa ta bi a 2000. A Oktoba 2001 kotun Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini hukuncin jefewa, a Maris 2002 ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal. Takardun koke suka yi ta kwarara daga Turai da Amurka, wasu cike da kurakurai, wasu da zagin addini. Har ta kai ƙungiyar BAOBAB ta mata, wadda ke cikin masu tallafa wa shari'ar, ta fitar da wasiƙa a 2003 tana roƙon a dakata, domin irin wannan matsi na iya tunzura mutane a gaggauta abin da ake gudu.

Abin da ya kuɓutar da matan biyu daga cikin littattafan Malikiyya da dokokin jihohin ya fito. Kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ta saki Safiya a Maris 2002, musamman saboda abin da ake tuhumarta da shi ya riga dokar. Lauyoyin Amina, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, sun tsaya a kan cewa mai iƙirari na da ikon janye iƙirarinsa, ana kuma kawar da haddi da shubuha. Suka kawo mas'alar da kowace ungozoma ta sani da sunan kwantacce, wato cikin da malaman mazhaba suka yarda zai iya daɗewa har shekara biyar, don haka ana iya jingina ɗan ga tsohon miji. Ranar 25 ga Satumba 2003 alƙalai huɗu cikin biyar na kotun Katsina suka sallame ta. Wata guda kafin haka, kotun ɗaukaka ƙara ta Dutse ta soke hukuncin jefewa da aka yanke wa wani ɗan Jigawa a 2002 bisa laifin lalata da yaro, bayan danginsa sun kawo hujjar taɓin hankali, ta ce a kai shi asibiti. Har yau ba a jefe kowa a ƙarƙashin waɗannan dokoki ba. Wanda aka rataye a Kaduna a Janairu 2002, Sani Yakubu Rodi, ƙisasi ne kotun Katsina ta yanke masa kan kashe mace da 'ya'yanta biyu, kuma bai ɗaukaka ƙara ba.

Kada a ɗauki wannan a matsayin nasarar masu neman sokewa. Sassauci a cikin shari'a daban, share hukuncin daga littafi daban, kuma na biyun bai sami kasuwa a kowane gefen iyaka ba. A Nijar, majalisar tuntuɓa ta riƙon ƙwarya ta yi watsi da ƙudurin sokewa a Disamba 2010, kotuna na ci gaba da yankewa, shugabanni na mayar da shi ɗauri. A Najeriya, Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccinsa a shari'ar Onuoha Kalu ta 1998, kwamitin da Shugaba Obasanjo ya kafa ya ba da shawarar dakatarwa a 2004, shawarar ba ta zama doka ba. Jigawa ma faɗaɗa shi ta yi a 2021, lokacin da Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu kan dokokin da suka tanadi kisa ga wasu nau'o'in fyaɗe. Sai dai ba a rataye mutum sai da sa hannun gwamna, gwamnoni kuwa galibi sukan gama wa'adinsu su bar wa magajinsu takardar a kan tebur.