Tarihin Gano Furannin Okid na Daji a Ƙasashen Sabana

Okid dangin tsirrai ne mai nau'o'i kusan 28,000 a duniya. Akasari ana danganta shi da kurmi, amma akwai waɗanda suka zauna a ƙasashe masu dogon rani, irin su arewacin Ghana da arewacin Nijeriya. A kewayen Tamale da ke arewacin Ghana, damina ɗaya ake yi a shekara. Don haka okid na ƙasa ke tara ruwa da abinci a saiwarsa, ya ɓace wa ido da rani, sai lokacin furensa ya yi ya fito a bakin fadama ko cikin ciyawar daji.

Farkon bincike

A 1823 masanin tsirrai na Ingila John Lindley ya bayyana Eulophia guineensis daga tsiron da George Don ya aika Ingila daga Saliyo. A tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841, John Ansell ya samo wani okid mai maƙalewa a bishiya a tsibirin Fernando Po, kuma a 1844 Lindley ya raɗa masa suna Ansellia africana. Charles Barter, wanda ya raka William Baikie wajen binciken wannan kogi, ya tattara tsirrai masu yawa a ƙasar Nupe kafin ya rasu a Rabba a 1859. A wancan zamani ana danne fure tsakanin takardu ya bushe, a aika Ingila, can a kwatanta shi a ba shi suna.

Gudummawar Dalziel

John M. Dalziel, likita ɗan Sikotland da ya yi aiki a arewacin Nijeriya, ya ɗauki wata hanya: ya riƙa tambayar manoma da mafarauta da masu magani. A 1916 ya buga A Hausa Botanical Vocabulary, inda ya rubuta sunayen manta uwa da murucin bisa ga okid na kan bishiya. Daga 1927 zuwa 1936 shi da John Hutchinson suka fitar da Flora of West Tropical Africa, V. S. Summerhayes na lambun Kew ya rubuta sashen okid. Bugu na biyu na wannan sashe ya fito a 1968, har yau masu bincike na dogara da shi.

Yadda ake gane shi

Fure shi ne shaida, domin ganyen okid na ƙasa yana saje da ciyawa. Furen na da kunnuwa shida, ɗaya ya fi sauran faɗi ko ado, ana ce masa leɓe. Garin haihuwarsa a dunƙule yake, ba ya tashi da iska. Irinsa kuwa kamar ƙura, ba ya tsirowa sai da taimakon wani naman gwari na cikin ƙasa. Eulophia cristata na fitar da doguwar sanda mai furanni shunayya-shunayya a ƙarshen rani, tun ganye bai fito ba. Nau'o'in Habenaria kan yi fure da damina a wuri mai laima, fari ko kore, da siririyar wutsiya mai ruwan zaƙi a bayan leɓen. Tsawon wannan wutsiya na cikin abin da ake aunawa don rarrabe nau'i. 

Halin da ake ciki

Gine-gine da noma na cinye fadamun da ke kewaye da birane irin Tamale, kuma okid da aka tono ba kasafai yake rayuwa a gida ba. Shi ya sa masana a yau suka fi son a ɗauki hoton furen ta gaba da ta gefe, a rubuta wuri da wata da sunan da mutanen gari ke kiransa, a bar tsiron inda yake. Irin wannan rubutu, da harsunan Dagbani da Hausa, shi ne zai ci gaba da aikin da Dalziel ya fara.