Yadda Muka Koyi Harshen Inji a Yamai

Duk wanda ya karanta ilimin kwamfuta a Yamai ya san darasin da ɗalibai suka fi shakka: asamblar, harshen da ake yi wa furosesa magana da shi kai tsaye, umarni ɗaya bayan ɗaya. A zamaninmu da alli aka koya mana shi. Malam ya rubuta MOV da ADD da JMP a allo, mu kuwa mu ja layuka a takarda, gidan AX daban, na BX daban, muna bin lissafin Intel 8086, furosesar da ta fito a 1978. Na'urori kaɗan ne, ɗalibai da yawa. In layi ya zo kanka, DEBUG na MS-DOS kaɗai ke gabanka, kuma kuskure ɗaya ya isa ya sandarar da na'urar, sai an kashe an sake kunnawa.

Wannan wahala ba mu kaɗai ta dama ba. Tun 1965 Stuart Madnick na jami'ar MIT a Amurka ya ƙirƙiro kwamfutar koyarwa ta tunani: wani ɗan mutum a cikin ɗaki mai akwatuna 100, yana ɗauko umarni yana aikatawa. A 1968 Donald Knuth ya fito da tasa mai suna MIX. A 1990 James Larus ya rubuta SPIM a jami'ar Wisconsin, manhajar da ke kwaikwayon furosesar MIPS, daga baya MARS ta biyo sawunta. Manufarsu ɗaya ce: ɗalibi ya ga abin da ke gudana a cikin inji ba tare da ya mallaki injin ba.

A wajenmu, manhajar kwaikwayo mai suna emu8086 ce ta kawo sauyi. Ɗalibai ne suka yaɗa ta, daga wannan kilen USB zuwa wancan, daidai lokacin da tsofaffin kwamfutocin hannu suka fara araha. Ka danna maɓalli sau ɗaya, umarni ɗaya ya gudana, ka ga lamba ta shiga rajista, ka ga tutar sifiri ta tashi, ka ga inda shirin ya yi tsalle. Ka koma baya in kana so, babu abin da zai lalace. Yaron da ke zaune a Boukoki ba sai ya haye Gadar Kennedy zuwa Jami'ar Abdou Moumouni a Harobanda kafin ya gwada aikinsa ba. A zauren gidansu yake yi, har batir ya ƙare. Abin da muka yi makonni muna haddacewa, ɗalibaina a zama ɗaya suke gane shi. Gani ya kori ji.

Sai dai akwai abin da ke damuna. Manhajar kwaikwayo ba ta zafi, ba ta ƙonewa, ba ruwanta da wayar da ta kwance ko wutar da ta yi ƙasa. Na ga ɗalibai masu maki na yabo waɗanda hannunsu ke rawa in an miƙa musu na'ura ta gaske irin PIC 16F84 ko Arduino. Alhali nan kusa da mu, a kasuwar Katako, akwai masu gyara da suke kwance na'ura su mayar da ita ba su taɓa shiga aji ba. Su suna da hannu, ɗalibanmu suna da lissafi, kuma ƙasar nan tana buƙatar mai duka biyun.

Yanzu ga furosesar RISC-V, wadda aka faro a Berkeley a 2010, tsarinta a buɗe yake ga kowa, da yawa daga cikin manhajojin kwaikwayonta kuma kyauta ne. Saboda haka, ƴan'uwana malamai, mu ci gaba da fara darasi da manhaja, amma kada mu sallami ɗalibi sai shirin da ya rubuta ya kunna fitila ta gaske a gabanmu.