Sunan Zage-zagi a Suleja: Asalinsa da Fitattun Masu Shi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe bai saba gadon sunan dangi ba, da sunan uba ko na gari ake saninsa. Wannan maƙala za ta dubi yadda sunan Zage-zagi ya riƙe asalin wata al'umma bayan ta bar ƙasarta.

2.0 Asali

Bazazzagi shi ne mutumin Zazzau, jam'insa Zage-zagi. A farkon ƙarni na 19 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Musa suka ci Zariya, sai Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa ya sauka Zuba. Ya rasu a fagen daga kusa da Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya kafa birnin Abuja a 1828.

3.0 Fitattu

Bayansa an yi Abu Kwaka (1851-1877), da Ibrahim Iyalai Dodon Gwari (1877-1902), har zuwa Sulaimanu Barau (1944-1979). A zamanin Barau, a 1976, aka zaɓi yankin don sabon babban birnin tarayya. Sunan Abuja ya koma can, garin kuwa ya zama Suleja, wato daga Sulaimanu.

4.0 Kammalawa

Zage-zagi sun rasa Zariya, sun kuma ba da sunan garinsu, amma har yau Sarkin Zazzau ake kiran sarkinsu. Ashe suna yakan tsare asali ko ƙasa ta kuɓuce.