Raha da Muhallinta: Waiwaye Kan Rayuwa da Ayyukan P. G. Wodehouse

Gabatarwa

Duk wanda ya ɗan leƙa adabin Ingilishi na ƙarni na 20 ba zai rasa cin karo da sunan P. G. Wodehouse ba, domin kuwa a fagen ƙagaggun labarai na ban dariya da wuya a sami wanda ya kama ƙafarsa a zamaninsa. Ya shafe fiye da shekara 70 yana rubutu, ya kuma bar littattafai sama da 90, ban da wasannin kwaikwayo da waƙoƙin da ya tsara wa masu wasan dandamali. Sai dai wani abin al'ajabi shi ne, wannan mutum da ya daɗe yana ba Turawan Ingila dariya, shi ne dai suka wayi gari suna kira maci amanar ƙasa a shekarar 1941, har ya bar duniya bai sake taka ƙasar haihuwarsa ba. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi sawun rayuwarsa da ayyukansa a tare, domin mu nuna cewa halin da ya haifar da waɗannan littattafai masu daɗi, wato mayar da kowane lamari abin raha, shi ne kuma ya jefa shi cikin wannan rami.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Pelham Grenville Wodehouse ranar 15 ga Oktoba, 1881, a garin Guildford da ke kudancin Ingila. Mahaifinsa majistare ne a Hong Kong, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Bisa al'adar ma'aikatan mulkin mallaka na wancan zamani, tun yana ɗan shekara biyu iyayensa suka bar shi da yayyensa biyu a Ingila, suka koma bakin aiki. Ke nan ya tashi ba uwa ba uba a kusa, daga makarantar kwana sai gidajen gwaggonni da innoni lokacin hutu. In kuwa aka kai shi ziyara gidajen manya, sau da yawa akan tura shi ɗakin barori ya sha shayi tare da su. Gwaggonnin nan masu tsanani da barorin nan masu natsuwa da sanin ya kamata su ne suka cika littattafansa daga baya.

A shekarar 1894 aka sa shi Kwalejin Dulwich da ke kudancin Landan, inda ya yi shekara shida yana karatun Latin da Girkanci, yana dambe da wasan kurket, yana kuma cikin editocin mujallar makaranta. Makarantu irin wannan suna da tarbiyya guda da suke cusa wa yara, ita ce kada namiji ya nuna damuwa ko ya yi ƙorafi, in wahala ta zo ya mayar da ita wasa. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Burinsa shi ne ya shiga Jami'ar Oksfod kamar yayansa, amma sai darajar kuɗin Indiya, wanda da shi ake biyan mahaifinsa fansho, ta faɗi. Dole ya haƙura, ya kama aikin akawu a reshen Landan na wani banki na Hong Kong da Shanghai a shekarar 1900. Da rana yana banki, da dare yana rubuta wa jaridu. A 1902 ya ajiye aikin, kuma a wannan shekarar ce littafinsa na farko, The Pothunters, wanda labari ne na 'yan makaranta, ya fito.

Duniyar Littattafansa

Ya fara zuwa Amurka a 1904, kuma a birnin Niyok ya auri wata bazawara Baturiyar Ingila mai suna Ethel Wayman a 1914, ya riƙi 'yarta Leonora tamkar shi ya haife ta. Tun daga nan Ethel ta karɓi ragamar gida da ta kuɗi, shi kuwa ba ruwansa da komai sai keken rubutunsa. Shekarar 1915 ita ce ta buɗe masa ƙofa. A cikinta ne mujallar Saturday Evening Post ta buga labarinsa Something Fresh kashi-kashi, wanda shi ne na farko a jerin labaran gidan sarautar Blandings, inda daga baya muka san Lord Emsworth, dattijo mai mantuwa wanda ba abin da ya dame shi a duniya kamar wata ƙatuwar aladiya da yake kiwo. A wannan shekarar ce kuma Jeeves ya fara bayyana a wani gajeren labari. Sunan ma aro ne daga wani ɗan wasan kurket, Percy Jeeves, wanda marubucin ya kalli wasansa a 1913, aka kuma kashe shi a fagen yaƙin Somme a 1916.

Jeeves bara ne, ubangidansa kuwa Bertie Wooster, saurayi mai dukiyar gado da kyakkyawar zuciya amma mai ƙarancin basira. Bertie ne yake ba da labarin da bakinsa, kuma a nan gwanintar take, domin mai karatu yakan hango ramin tun kafin mai ba da labarin ya gan shi. Kullum sai ya shiga uku: ko dai ya tsinci kansa an yi masa baiko da yarinyar da ba ya so, ko wata gwaggonsa ta aike shi aikin da ya fi ƙarfinsa, sai Jeeves ya zo cikin ladabi ya warware ƙullin. Wodehouse bai ɗauki wannan aiki da wasa ba. Yakan rubuta ɗaruruwan shafuka na tsare-tsare kafin ya fara littafi, yana kasa labarin fitowa-fitowa kamar yadda ya koya a dandamalin Niyok, inda ya yi aiki da Guy Bolton da Jerome Kern. Salonsa kuwa gauraye ne na karin maganar samarin Landan da guntayen tsohon adabin da ya haddace a makaranta, tare da kamance masu ba-zata.

Abin lura a nan shi ne, a wannan duniya da ya ƙaga babu mutuwa, babu yunwa, babu mugun da ya wuce a yi masa dariya. Alal misali, a cikin The Code of the Woosters na 1938 akwai Roderick Spode, wanda aka gina a kan Oswald Mosley, jagoran masu ra'ayin Hitila a Ingila. Mabiyan Mosley baƙaƙen riguna suke sawa, na Spode kuwa baƙaƙen gajerun wanduna. Duk cika bakin Spode da barazanarsa, sai ga shi ya zama ɗan lelen Bertie da zarar Jeeves ya gano sirrinsa, cewa a ɓoye shi mai tsara kamfan mata ne. Ke nan Wodehouse ya san da zaman irin waɗannan mutane, amma a ganinsa tulun iska ne da allurar dariya za ta sace.

Yaƙi da Zaman Sansani

A 1934 ya tare a Le Touquet, wani gari na bakin teku a arewacin Faransa. A watan Yunin 1939 Jami'ar Oksfod, wadda rashin kuɗi ya hana shi shiga, ta ba shi digirin girmamawa. Wannan shekarar ce zuwansa Ingila na ƙarshe. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke bai gudu da wuri ba, har sojojin Jamus suka kama garin a watan Mayun 1940. A watan Yuli aka tattara mazan Ingila da ba su kai shekara 60 ba, har da shi, aka tsare su a kurkukun Loos, sannan Liège da Huy a Beljiyam, daga ƙarshe aka kai su wani tsohon gidan mahaukata a Tost, wanda yake cikin ƙasar Polan ta yanzu. A can ya yi abin da ya saba, wato ya ɗauki wurin tamkar wata makarantar kwana, ya yi wasan kurket, ya kuma rubuta littafinsa Money in the Bank.

A watan Yunin 1941, saura 'yan watanni ya cika 60, aka sake shi aka kai shi otel ɗin Adlon a Berlin. Wani jami'in ma'aikatar harkokin wajen Jamus, Werner Plack, wanda suka san juna tun a Hollywood, ya nemi ya yi wa Amurkawa jawabi ta rediyo. Ya amince, ya yi jawabai biyar. In muka duba abin da suka ƙunsa, ba za mu ga yabon Hitila ko zagin Ingila ba. Labarin zaman sansani ne cikin barkwanci: ƙarancin abinci, tsayuwar kiran suna, da yadda fursunoni suka jure. A nasa tunanin, godiya yake yi wa masu karatunsa na Amurka da suka aiko masa da wasiƙu, yana kuma nuna cewa Baturen Ingila ba ya karaya.

To, amma masu iya magana sun ce kowane allazi da nasa amanu. A lokacin Amurka ba ta shiga yaƙin ba tukuna, kuma babban burin Jamus shi ne kada ta shiga. Muryar shahararren marubucin Ingila tana raha daga Berlin ta isa ta nuna wa Amurkawa cewa Jamusawa mutanen kirki ne. A ɗaya ɓangaren kuma, daga Satumban 1940 zuwa Mayun 1941 jiragen Jamus sun yi ta ruwan bama-bamai a biranen Ingila, inda fararen hula kimanin 40,000 suka halaka. Wodehouse yana tsare duk tsawon wannan lokaci, bai san yadda zukata suka sauya ba.

Hukuncin Jama'a da na Hukuma

Ranar 15 ga Yuli, 1941, ɗan jarida William Connor ya yi masa kaca-kaca a gidan rediyon BBC, bisa matsin ministan yaɗa labarai Duff Cooper. Wasu ɗakunan karatu suka janye littattafansa, aka ambace shi a majalisa, har marubuci A. A. Milne, wanda suka daɗe da sanin juna, ya soke shi a jarida. Mafi yawan masu zagin ba su ma ji jawaban ba. A 1945 George Orwell ya rubuta maƙala ta kare shi, inda ya nuna cewa tunanin Wodehouse ya tsaya ne a Ingilar ƙuruciyarsa, don haka wauta ce laifinsa, ba cin amana ba.

Bayan an ƙwato Paris a 1944, inda Wodehouse yake zaune tun 1943, Manjo Edward Cussen na hukumar leƙen asiri ta MI5 ya yi masa tambayoyi, ya kuma rubuta rahoton cewa ya yi rashin hankali amma babu hujjar gurfanar da shi. Ba a sanar da shi wannan ba, kuma rahoton bai fito fili ba sai 1980, bayan mutuwarsa. A wannan shekara ta 1944 ce kuma Leonora ta rasu. Da yake hukumomin Ingila ba su ba shi tabbacin cewa ba za a kai shi kotu ba, sai ya tafi Amurka a 1947, ya zama ɗan ƙasar a 1955, ya zauna a ƙauyen Remsenburg da ke tsibirin Long Island, yana ci gaba da rubuta labaran Jeeves da Blandings kamar ba abin da ya faru. A Janairun 1975 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sa, ya kuma rasu ranar 14 ga Fabrairu na wannan shekara yana da shekara 93, ya bar wani labarin Blandings bai ƙarasa ba. A 2019 aka kafa dutsen tunawa da shi a Majami'ar Westminster.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa yaron da aka bari a hannun gwaggonni, aka kuma koya masa haɗiye damuwa a Dulwich, shi ne ya gina duniyar da babu mugunta a cikinta, kuma shi ne ya zauna gaban makirfo a Berlin da zaton cewa duniyar gaske ma haka take. A cikin littafi akwai Jeeves da zai ja ubangidansa gefe ya hana shi aikata wauta, amma ranar da Plack ya kawo tayinsa babu wanda ya yi wa Wodehouse wannan aiki. A ra'ayinmu Orwell da Cussen sun yi gaskiya da suka wanke shi daga cin amana, sai dai fushin mutanen da suka binne 'yan'uwansu ma yana da hujja, domin ma'anar magana ba ta tsaya ga kalmominta kaɗai ba, har da wurin da aka faɗe ta da wanda ya ba da damar faɗarta. Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu masu sha'awar rubutun raha da su karanci Wodehouse domin koyon ƙulla zaren labari da sarrafa harshe, su kuma karanci tarihinsa domin su riƙa tambayar kansu, kafin su saki barkwanci, wane ne zai amfana da shi kuma a kunnen wa zai faɗa.