Tarihin izinin aiki bayan kammala karatu a Birtaniya: ƙofar da ake buɗewa ana rufewa

Mai karatu, wataƙila ka san wani da ya sayar da fili ko mota ya tafi Ingila yin digiri na biyu, da lissafin cewa idan ya gama karatun shekara ɗaya zai samu izinin aiki na shekara biyu, daga nan kuma ya nemi zama na dindindin. To wannan izinin ba ya cikin abubuwan da ke zaune daram. A cikin shekara 20 da ɗoriya an ƙirƙiro shi, an faɗaɗa shi, an soke shi, an dawo da shi, yanzu kuma ana rage masa tsawo. Idan ka fahimci abin da ke jawo wannan kai-komo, za ka iya yin lissafinka da idon basira.

Lokacin da ba a buƙatar izini

Bayan samun 'yancin kai a 1960, ɗan Najeriya yana da matsayin ɗan ƙasashe renon Ingila, don haka yana iya shiga Birtaniya ya yi karatu, ya kama aiki, ya zauna, ba tare da wata takardar izini ba. Dokar shige da fice ta 1962 ce ta kawo ƙarshen wannan, domin daga lokacin sai mai takardar aiki ke shiga don neman aiki.

Sai kuma maganar kuɗi ta shigo. A 1967 aka fara karɓar kuɗin makaranta mafi yawa daga ɗaliban ƙetare fiye da 'yan ƙasa. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ce ɗalibin ƙetare ya biya cikakken abin da karatunsa ke ci. Ka riƙe wannan shekarar a ranka, domin daga nan ne ɗalibin waje ya zama hanyar samun kuɗi ga jami'o'in Birtaniya. Amma ƙa'idar a lokacin ita ce: ka gama, ka koma gida, sai fa in wani kamfani ya nema maka izinin aiki.

2004 zuwa 2008: ƙofa ta buɗe

A watan Oktoban 2004 gwamnatin Tony Blair ta fito da wani shiri da ya bai wa waɗanda suka kammala karatu a wasu fannonin kimiyya, lissafi da injiniyanci damar zama na wata 12 su nemi aiki. Dalili? Ƙasar na ƙarancin ƙwararru a waɗannan fannoni.

Yankin Scotland kuwa damuwarsa daban ce. Ana fargabar yawan jama'arsa zai faɗo ƙasa da miliyan 5. Saboda haka a 2005, ƙarƙashin jagoran gwamnatin yankin Jack McConnell, aka soma shirin Fresh Talent, wanda ya bai wa duk wanda ya gama jami'a a Scotland shekara biyu, ko me ya karanta. A 2007 aka buɗe izinin shekara ɗaya ga kowane fanni a duk faɗin Birtaniya. A 2008 kuma aka haɗe shirye-shiryen wuri ɗaya, aka mai da izinin shekara biyu ga kowa.

2012: ƙofa ta rufe

David Cameron ya hau mulki a 2010 da alƙawarin rage yawan baƙi daga dubban ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai gomomi a shekara. A nan akwai wani abu da ya kamata ka gane game da yadda ake ƙidayar. Ana ɗaukar adadin waɗanda suka shigo, a cire adadin waɗanda suka fita, abin da ya rage shi ne lambar da 'yan siyasa ke faɗa a kai. Kuma bisa ma'anar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayar, duk wanda ya koma wata ƙasa na tsawon wata 12 ko fiye, baƙo ne mai ƙaura. Ke nan ɗalibi ma yana cikin lissafin. A lokacin Birtaniya na cikin Tarayyar Turai, ba ta da ikon hana Turawan ƙasashen ƙungiyar shigowa. To wa ya rage a taɓa? Ɗaliban Asiya da Afirka.

A watan Maris na 2011 ministar harkokin cikin gida Theresa May ta sanar da soke izinin, aka kuma rufe shi a watan Afrilun 2012. Hujjar gwamnati ita ce da yawa daga masu izinin suna ƙananan ayyuka ne da ba su buƙatar digiri, kuma akwai kwalejojin bogi da ke sayar da takardun shiga. Daga nan wanda ya gama karatu 'yan watanni kawai yake da su ya samu kamfanin da zai tsaya masa, in bai samu ba ya tattara kayansa.

Sakamakon bai ɗau lokaci ba. Ɗaliban Indiya a jami'o'in Birtaniya, waɗanda suka kai kusan 39,000 a zangon 2010/11, sun ragu zuwa ƙasa da 17,000 a zangon 2016/17. Ba karatun suka fasa ba, wuri suka canza. Kanada na ba da izinin aiki har na shekara uku, kuma tun 2008 ta buɗe hanyar zama na dindindin ga masu gogewar aiki a cikin ƙasar. Ostireliya ma ta faɗaɗa nata izinin a 2013.

Abin mamakin ya zo a 2017. An daɗe ana zargin cewa ɗalibai kusan 100,000 ne ke maƙalewa a ƙasar duk shekara bayan bizarsu ta ƙare. Da aka duba bayanan fita na kan iyaka, sai aka ga kusan kashi 97 cikin 100 suna fita a kan lokaci, waɗanda suka wuce wa'adi ba su kai 5,000 ba. Tsohon ƙiyasin ya dogara ne kan tambayoyin da ake yi wa wasu tsirarun matafiya a filayen jirgi da tashoshin ruwa. Ka ga yadda ma'auni mai rauni ya riƙe siyasar ƙasa na tsawon shekaru.

2021: an dawo da shi

Ruwa ba ya tsami banza. Kuɗin da jami'o'in Ingila ke karɓa daga ɗalibi ɗan ƙasa an ƙayyade shi: fam 9,000 a 2012, fam 9,250 a 2017, kuma a nan ya tsaya na shekaru alhali tsadar kaya na cin darajarsa. Kuɗin ɗalibin ƙetare kuwa ba shi da iyaka. Da shi ake cike giɓin koyarwa da na bincike. Ga kuma ficewa daga Tarayyar Turai da ta ƙara sa ƙasar neman sababbin kasuwanni.

A 2019 gwamnati ta sa burin samun ɗaliban ƙetare 600,000 kafin 2030, kuma daga baya aka sa Najeriya cikin ƙasashe biyar da za a fi mai da hankali a kansu. A watan Satumban 2019 Boris Johnson ya sanar da dawo da izinin. Ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 2021: shekara biyu ga mai digiri na ɗaya ko na biyu, shekara uku ga mai digirin digirgir, babu buƙatar wani kamfani ya tsaya maka. Burin 600,000 ɗin nan, tun a zangon 2020/21 aka cim masa.

'Yan Najeriya sun amsa kiran sosai, lokacin da kalmar "japa" ta cika bakin kowa. A zangon 2022/23 sun haura 70,000 a jami'o'in Birtaniya. Da yawansu magidanta ne, don haka suka tafi da iyali. Bizar iyalan ɗalibai ta tashi daga kusan 16,000 a 2019 zuwa kusan 136,000 a 2022, kuma Najeriya ce kan gaba da fiye da 60,000.

Sai aka sake jan ƙofar

Lambar baƙi ta yi sama, siyasa ta sake zafi. A watan Mayun 2023 Suella Braverman ta sanar da hana masu digiri na biyu na aji tafiya da iyali daga Janairun 2024, in ban da masu karatun bincike. Wannan ya zo daidai da faɗuwar darajar naira daga watan Yunin 2023, sai yawan masu tafiya daga Najeriya ya ragu ƙwarai. A watan Mayun 2024 kwamitin da ke bai wa gwamnati shawara kan shige da fice ya ce bai ga shaidar ana cin zarafin izinin da yawa ba, ya ba da shawarar a bar shi. An bar shi ɗin, amma a watan Mayun 2025 gwamnatin Keir Starmer ta ce za ta rage shi zuwa wata 18. Ragin zai shafi masu nema daga 1 ga Janairun 2027, masu digirin digirgir kuma suna nan da shekara ukunsu. Kanada ma a 2024 ta ƙayyade yawan bizar karatu.

Ina maganar zama na dindindin?

A nan mutane da yawa ke kuskure. Izinin bayan karatu ba a sabunta shi, kuma shekarunsa ba sa shiga lissafin shekara biyar da aka saba nema kafin a ba ma'aikaci zama na dindindin. Agogon yana fara bugawa ne ranar da ka koma bizar ƙwararren ma'aikaci, wato ka samu kamfani mai lasisin ɗaukar baƙi, da albashin da ya kai ƙa'ida. Wannan ƙa'idar ta tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a watan Afrilun 2024, sannan 41,700 a watan Yulin 2025, kodayake akwai rangwame na ɗan lokaci ga sababbin kammala karatu. Ga kuɗin asibiti na fam 1,035 kowace shekara da ake biya tun wurin neman izinin. Sannan a sanarwar 2025 ɗin nan gwamnati ta bayyana aniyar mai da shekara biyar ɗin ta koma goma ga mafi yawan baƙi.

To ka ga dai, duk lokacin da jami'o'i ke kukan kuɗi ana buɗe ƙofar, duk lokacin da lambar baƙi ta zama abin yaƙin zaɓe ana tura ta. Wanda ya shiga jami'a a 2010 da sa ran shekara biyu ya gama a 2013 ya tarar babu. Saboda haka kafin ka sayar da filin nan, ka yi wa kanka tambaya biyu. Fannin da zan karanta, kamfanoni na tsaya wa baƙi a cikinsa da albashin da ya kai ƙa'ida? Kuma in aka canza doka ina tsakiyar karatu, digirin zai biya ni kuɗinsa idan na dawo Kano ko Kaduna? In amsar ta biyu "e" ce, to ka tafi da kwanciyar hankali. In kuwa dukan lissafinka a kan izinin ya rataya, ka tuna kayan aro ba ya rufe katara.